Garantin da ba ya zuwa Wudil

Duk wanda ya sayar maka da sabuwar a-kori-kura mai shan gas a ƙasar nan ya san irin gas ɗin da za ka zuba mata. Ya san ƙurar hunturu, ya san yadda hanyar Lajawa take zama da damina, ya san ba don zuwa ɗaurin aure ka saye ta ba. Da saninsa ya karɓi kuɗinka. Saboda haka ranar da motar ta tsaya tun ledar kujerunta ba ta gama yagewa ba, ya dube ka ya ce “ai manku ne ba shi da kyau”, ni a wurina ba bayani ya yi maka ba, zillewa ya yi. Kuma kusan kowa da wannan amsar yake dawowa daga Kano.

Ni ba makanike ba ne. Lissafi nake riƙe wa Yayana, wanda ke sayar da taki da maganin feshi a nan Wudil, yana kuma sarin hatsi a kasuwannin ƙauye. Rasit ɗin mai da na gyara duk ta hannuna suke bi, shi ya sa nake da bakin magana. Ba zan kama sunan kamfanin motarmu ba, ko na wanda ya sayar mana, domin da na zauna da masu irin motocin nan daga Gaya da Garko da Takai sai na tarar tambarin gaban mota ne kawai ya bambanta, labarin ɗaya ne.

Me ya kai mu ga gas tun farko? Shekara da shekaru Najeriya ƙasar fetur ce. Tallafin gwamnati ya sa fetur ya yi araha, gas kuwa an daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa, don haka ko a-kori-kurar da hukumomi ke saye yawanci mai fetur ce. Sai ka tsallaka Maraɗi ko Damagaram kake ganin masu gas sun yi yawa. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ’yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Gas shi ma ya yi tashin gwauron zabi, har ya wuce naira 1,500 a farkon 2024, amma da matatar Dangote ta fara fitar da nata a shekarar, ta sa shi 1,200, daga baya ta sauke zuwa 1,000, sai tazarar da ke tsakanin man biyu ta tsuke. Ga shi injin gas ya fi nisa da lita ɗaya, ya fi jan kaya a cikin yashi da taɓo. Duk ɗan kasuwar da ya zauna da biro da takarda zai hango riba.

Sai dai injin da ke cikin kan mutane lokacin da suke wannan lissafi ba shi ne a cikin motar ba. Tsohon injin gas aka sani, wanda famfonsa ƙarfe ne zalla, babu waya babu kwamfuta, wanda in ya fara hayaƙi makanike zai kwance nozul a gindin bishiya ya wanke ya ɗaure a ci gaba da tafiya. Na yanzu wani abu ne daban. Famfo guda ke matse man da ƙarfin da ya ninka iskar cikin tayar motar sau 800 ko fiye, ya tara shi a bututu ɗaya, daga nan kwamfutar motar ta riƙa buɗe injekta tana rufewa sau da yawa a kowane bugu na fistin. Ƙofofin da man ke fesowa ta ciki kaurinsu bai wuce na silin gashi biyu ba. Ga kuma abin da babu dilan da ya taɓa faɗa mana: shi kansa gas ɗin ne ke shafa wa cikin famfon maiƙo. Idan ruwa ya shiga, ko aka yi wa man algus da kalanzir, maiƙon ya tafi, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, garin ƙarfen ya bi bututu ya shiga kowace injekta, ya koma tanki. Daga nan ba maganar wanki, sai canji: famfo, injekta huɗu, bututu, a sauke tanki a ɗauraye. Ko ka sayo sabuwar injekta a Ƙofar Ruwa ka ɗaura, sai an shigar da lambarta cikin kwamfutar motar kafin injin ya daidaita.

A cikin salansa kuma wasu motocin suna da matata mai kama baƙin hayaƙi, wadda ake kira DPF. Ita da kanta take ƙone kunkunniyar da ta tara, amma sai salansar ta ɗauki zafin kusan digiri 600, wato sai an yi doguwar tafiya ba tsaye-tsaye. Motar da aikinta daga shago zuwa Kara, kasuwar shanu, daga Kara zuwa gona a Utai, a bar ta a kunne ana lodi, yaushe za ta samu wannan? Sai matatar ta toshe, kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi. Wasu har da ƙaramin tanki na wani ruwa mai suna AdBlue, wanda in ya ƙare motar ba za ta sake tashi ba. Abin dariya, yuriya ce tatacciya aka narkar a ruwa. Ga mu zaune a kan buhunan yuriya har rufin ɗaki, amma tamu ba ta yi, sai an aiko da shi daga Kano ko Legas.

Tamu motar ba ta rufa shekara ba. Ana dawowa da lodin masara daga kasuwar Darki direba ya kira: “Yaya, motar nan ta ƙi ja. Ina taka ta kamar ba na takawa, ga wata wuta ta kama a gaban sitiyari.” Muka ɗauko makanikenmu, dattijon da ya yi wa mahaifinmu gyaran Fijo tun muna yara. Ya buɗe bonet, ya kasa kunne, ya taɓa nan ya taɓa can, sannan ya goge hannunsa da tsumma ya ce, “Alhaji, wannan ba aikin sifana ba ne, sai an jona mata kwamfuta. Kuma in na kwance ko ƙusa ɗaya za su ce na ɓata muku garanti. Ku nemi janwe.”

Ranar da muka je saye, ta ƙofar gaba muka shiga, ga sanyin na’ura, ga shayi, ana “Alhaji bismillah, ga kujera”. Ranar da janwe ya kai ta, mai gadi ƙofar baya ya nuna mana. Daga nan aka buɗe karatun da duk mai irin motar nan ya haddace. Injiniyan da ya iya kwamfutar ya tafi Abuja. Ya dawo, amma sai an tura rahoto Legas. Legas ba su amsa ba tukuna. Sun amsa, kayan babu a sito, suna kan ruwa. Lambar da aka ba mu tana shiga ba a ɗauka. Duk wannan a bakin damina, lokacin da manomi ke neman taki yau-yau, mu kuma muna biyan hayar motocin mutane, tamu da ta ci kuɗin da zai gina gida tana shan rana a bayan katanga har tayarta ɗaya ta sace.

A ƙarshe aka kira mu ofis. Manajan gyara, mutum mai fara’a, ya jawo wata gorar ruwan roba daga ƙarƙashin tebur, da mai ja-ja a ciki, da ɗan ruwa kwance a gindi. “Alhaji, ka gani da idonka. Ruwa ne a manku. Garanti bai ɗauki wannan ba.” Na ce, “Yallaɓai, a gaban wa aka ɗebo shi? Wane ɗakin gwaji ne ya auna? Ina takarda?” Ya yi murmushi ya ce su ba sa kai wa gwaji, ido ma ya isa. Na ce to motar tana da filtar da ke raba ruwa da mai, tana da wutar da ya kamata ta kama idan ruwa ya taru, kuma ku kuka yi mata sabis na ƙarshe, me ya hana wutar kamawa? Ya ce wannan sai Legas. Wato mai sayarwa shi ne mai bincike, shi ne shaida, shi ne alƙali, kuma hukuncin da ya yanke shi ne wanda ya fi masa riba, tunda yanzu a hannunsa za mu sayi kayan da kuɗinmu.

Ba na cewa manmu tsarkakakke ne. A 2016 wata ƙungiya a Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto kan yadda manyan ’yan kasuwar mai ke haɗa gas mai yawan sinadarin salfa domin kasuwar Afirka. A lokacin ƙa’idar Najeriya ta yarda da salfa har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya a 10 tun 2009. A Disambar wannan shekara Najeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka ce za su sauko zuwa 50, aiwatarwa kuma ta yi ta jan ƙafa. A Yulin 2024 kowa ya ji cacar bakin da aka yi tsakanin Alhaji Aliko Dangote da shugaban hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA na lokacin, Farouk Ahmed, Farouk na cewa gas ɗin matatun gida ne ya fi salfa, Dangote na cewa wanda ake shigowa da shi ne, har aka yi gwaji a matatar Dangote a gaban ’yan Majalisar Wakilai. Salfa ke kashe matatar salansa, ta ci bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, ta lalata baƙin mai kafin lokacin juye. Ruwa da laka kuwa daga tankunan ƙarƙashin ƙasa na gidajen mai suke fitowa, da jarkokin ’yan bumburutu. In manyan da ke riƙe da harkar ba su daidaita kan abin da ke cikin lita ba, direban da ya tsaya a gidan mai a Wudil da me zai auna?

Amma wannan duka hujja ce a kan dila, ba hujja ce a gare shi ba. Kamfanonin ƙera motoci sun san halin da ake ciki, shi ya sa mota ɗaya suke yi mata inji iri-iri gwargwadon ƙasar da za ta. Wadda za ta Turai da matatar hayaƙi da AdBlue, wadda za ta ƙasashe irin namu da inji mai haƙuri da ƙarin filta. Toyota ma ta daɗe tana kawo tsohon injinta 5L Afirka bayan ta daina kai shi inda dokar hayaƙi ta yi tsauri. Wa ke zaɓen wadda za ta sauka a Kano? Ba manomi ba ne, ba mai shago ba ne. Diloli ne, kuma iri biyu suke. Akwai ɗan kasuwar da ke sayo duk wadda ya samu da sauƙi a Dubai ko wani wuri ya jera a bakin titi, garantinsa a baki yake: “Ba matsala Alhaji, in wani abu ya taso ka kira ni.” Akwai kuma wakilin kamfani mai littafin garanti da hatimi, wanda in ka zauna ka karanta ƙananan rubutun ciki za ka tarar duk lalacewar da za a iya jingina wa mai an cire ta, ita ce kuwa ta fi tsada, ita ce ta fi faruwa. An ba ka garantin rediyo da marfin ƙofa.

Sannan ba kowace cuta ce daga mai take ba. A Ostareliya, inda gas ɗinsu daidai yake da na Turai, Kotun Tarayya ta yanke a Afrilun 2022 cewa matatar DPF da ke cikin motocin Toyota sama da 260,000, Hilux da Fortuner da Prado da aka sayar tsakanin Oktoban 2015 da Afrilun 2020, tana da aibi tun daga masana’anta, har alƙali ya ce aibin ya rage musu daraja da kashi 17.5 cikin ɗari. An ɗaukaka ƙara, aka yi ta jayayya kan yawan diyya, amma maganar aibin ba ta tashi ba. Na ambaci wannan kamfani ne don shari’arsa a bainar jama’a aka yi ta, kuma shi ne mutanenmu suka fi yarda da shi. In zai faru da shi, sauran fa? Can babu ɗan bumburutun da za a ɗora wa laifi. Da a nan ne, kowane ɗaya daga cikin masu motocin nan da an jawo masa gorar roba daga ƙarƙashin tebur.

Mahaifinmu dillali ne a Karar Wudil, a can muka tashi, kowace Juma’a muna riƙe masa igiya. Abin da na gani shi ne, wanda ya zo daga Kudu sayen shanu bai san Bafillatanin da ya kawo sa ba, dillali ya sani. In aka yi ciniki, aka biya la’ada, sannan ta bayyana san na sata ne, ko yana ɗauke da cutar da aka ɓoye, mai saye ba ya shiga daji neman makiyayi. Rumfar dillali yake dawowa. In Baba ya yi gardama, akwai shugabannin kasuwa, a gabansu za a zauna, kowa ya kawo shaidarsa, kuma wanda ake ƙara ba shi ke yanke hukunci ba. Na sha ganin Baba ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya biya, sannan ya hau keke ya bi wanda ya kawo dabbar. Ba don ya fi kowa tsoron Allah ba, a’a, ya san in ya zille sau ɗaya, Juma’a mai zuwa babu mai tsayawa a rumfarsa. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya bi ta babin ciniki, ya san hukuncin: wanda ya sayi abu ya gano aibin da yake tare da shi tun kafin ciniki, wanda ba a nuna masa ba, yana da zaɓin mayarwa. Dilan mota ma a tsakani yake, tsakanin masana’antar da ba mu taɓa gani ba da mu. Ribarsa ta fi la’adar Baba nesa ba kusa ba. Tsayawar ce ba ya so.

Dokar ƙasa ma ba ta bar shi ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Wata uku ya isa ga firji ko talabijin. Ga injin da cutarsa ke fitowa bayan ya ga damina ɗaya da hunturu ɗaya, ya yi kaɗan. Kano kuma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye, muna jin ta a rediyo tana kama lemon da wa’adinsa ya wuce da jabun magunguna, aiki ne mai kyau. Mota ma kaya ce, ya kamata a buɗe mata teburi, a kuma sanar da mutane cewa akwai inda za su kai kuka.

A Afirka ta Kudu, ƙasar da ake ƙera da yawa daga cikin a-kori-kurar da ke yawo a nahiyar nan, hukumar kula da gasar kasuwanci ta fitar da ƙa’idoji da suka fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2021: mai sabuwar mota yana iya kai ta sabis garejin da ba na dila ba, garantinsa bai tashi ba don wannan kawai, kuma kamfanoni su buɗe wa makanikai masu zaman kansu bayanan gyara. Wannan ita ce ƙa’idar da ta fi dacewa da mutumin Wudil da na Sumaila. Kano kilomita 40 ne da ’yan kai daga nan, amma in motar ba ta tafiya sai janwe, in kuma ka je aka ce Legas, to garantin yana can nesa da kai da kilomita 1,000. Abin da ya sa Fijo ta yi zamani a Arewa, tun da aka buɗe masana’antar Kaduna a 1975, ba wai ba ta lalacewa ba ne. Tana lalacewa. Amma kayanta suna kowace kasuwa, kuma kowane gari akwai wanda ya san cikinta.

Masu motoci ma suna da nasu. Motar da aka rubuta mata tan ɗaya, wato buhun taki 20, mutanenmu sukan kusa ninka mata, ’yan dako su hau sama. Akwai direban da ake ba kuɗin gidan mai ya sha a jarka ya soke canji. Akwai jabun filta a cikin kwali mai kama da na ainihi, wanda ko mai shagon ba ya iya rantsuwa a kansa. Dilan da ya kawo shaidar ɗaya daga cikin waɗannan, ya ci shari’a, ba ni da ja. Shaidar nake nema, daga bakin wanda ba shi da riba a ciki.

Kuma ba abu ne mai wuya ba. A garin nan akwai Jami’ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, da tsangayar injiniya a cikinta, akwai kwalejin koyon sana’a ta gwamnati. Na’urar gwada injekta da ɗan ɗakin auna ruwa da datti a cikin gas ba su fi ƙarfin jami’a ba. In aka samu jayayya, a ɗebi mai a gaban mai mota da wakilin dila, a rufe a sa hannu, a kai can. ’Yan ƙungiyar makanikai ta NATA su riƙa turo yaransu suna koyon kwamfutar mota a wurin. Wanda ke da ƙarfin tilasta wa diloli kuwa gwamnati ce, domin babu mai sayen a-kori-kura kamarta. Muna ganin ana jera su da ribon ana raba wa jami’an tsaro da ma’aikatu, bayan ’yan shekaru ka leƙa harabar ofisoshi ka tarar da su a kan duwatsu, fentinsu ko dushewa bai yi ba. Da kowace kwangilar sayen motoci ta ƙunshi sharaɗin ajiye famfo da injekta a sito a Kano, da horar da makanikai a ƙananan hukumomi, da wa’adin gyara a rubuce, da mu ma masu sayen ɗaiɗai mun ci albarkaci.

Kwanan baya wani maƙwabcinmu mai injin casar shinkafa ya zo ya ce, “Malam, zan sayi irin taku, me ka gani?” Ban hana shi ba. Tambayoyi na rubuta masa a takarda ya tafi da su. Domin wace ƙasa aka ƙera wannan injin? Yana da DPF ko AdBlue? Famfo da injekta suna nan a sitonku na Kano, a nuna mini su? In aka ce mai ne, wa zai auna, a gaban wa? In gyara ya wuce wa’adi, wa zai biya hayar motar da zan ɗauka? A rubuta amsa a sa hannu. Ya ce mai sayarwa ya amsa biyun farko ba gargada, ya kira wani ya zo ya yi kame-kame a kan ta uku, da aka zo sauran sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Haba Alhaji, ai tsakaninmu amana ce, ba sai an rubuta ba.” Maƙwabcin nawa ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu. Har yau da tsohuwar motarsa mai fetur yake kai shinkafa Dawanau.